Wutar lantarki: abin da ke ɓoye bayan makunni

Ranar da ma'aikatan NIGELEC suka zo suka kafa konter a ƙofar gida rana ce ta murna. Yara su yi ta kunna fitila suna kashewa, uwargida ta fara lissafin ƙanƙarar da za ta riƙa sayarwa idan an sayi firigo, maigida kuwa ya zauna ƙarƙashin fanka yana karɓar barka daga maƙwabta. Murnar tana da dalili. A shekarar 2022 kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a ƙasar Nijar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba ko kusa. Duk gidan da kuran ya shiga, ya shiga sahun ƴan ƙalilan ke nan. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba a wannan rana: wane ne ya ja wayoyin da ke cikin bango, yaya kuma ya ɗaure su?

Hukuma ta daɗe tana wahala a kan wannan wuta. An kafa NIGELEC a 1968. A 1976 aka jawo layin da ya taso daga madatsar ruwa ta Kainji a Nijeriya, ya biyo ta Birnin Kebbi ya iso Yamai. A 1981 tashar SONICHAR ta Anu Araren ta fara ƙona gawayin ƙasa domin ba Agadas da ma'adinan Arlit wuta. A 1994 layin Katsina zuwa Gazawa ya kawo wa Maraɗi da Damagaram tasu. Aka buɗe tashar Goru Banda a 2017, sannan tashar hasken rana ta Malbaza a 2018, shekarar da aka tsayar da gurin cewa kashi 80 cikin 100 na jama'a su samu wuta kafin ƙarshen 2035. An kashe biliyoyin kuɗi, an ɗauko injiniyoyi, an auna kowace falwaya da kowane turken ƙarfe. Sai dai duk wannan aiki yana tsayawa ne a konter da babban disjonkter na bakin ƙofa. Daga nan zuwa cikin ɗaki, sha'ani ya koma hannun maigida da wanda ya ɗauka aiki. Wutar da ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita lafiya lau, a cikin taƙi guda na ƙarshe take yin ɓarna.

Wanda ya taɓa shiga gini kafin a yi masa shafe ya ga waɗansu ƙananan kwanoni na roba an binne su cikin bango, waɗansu kusa da ƙofa daidai inda hannu ke kaiwa, waɗansu ƙasa-ƙasa, waɗansu can sama kusa da rufi. Masu aikin wuta suna kiran kowane ɗaya bwat, wato akwati. Faɗin bakinsa bai wuce santimeta 7 ba, zurfinsa 4 ko 5. A cikinsa makunnin fitila ke zama, ko piriz, wato wurin da ake soka wayar rediyo ko ta dutsen guga. Na sama kuwa nan ne wayoyi ke haɗuwa su rabu zuwa ɗakuna. An zaɓi roba domin kuran ba ya bin ta, ba ta tsatsa, ga kuma araha. Aikin akwatin uku ne: ya riƙe makunni kada ya motsa, ya rufe mahaɗar wayoyi kada hannu ko ƙura ko ƙwaro su kai gare ta, idan kuma tartsatsi ya tashi ya tsare shi a ciki kada ya sami abin kamawa.

To amma akwati ba ya yin ko ɗaya daga cikin ukun nan sai an ɗaure wayar da ke shiga cikinsa. Nan ne asalin maganar yake, nan ne kuma ake yawan sakaci.

Mai kiwo ya san turke ke riƙe akuya. Ba wanda zai ɗaura igiyar akuya a ƙafar tulun ruwa ya tafi gona da kwanciyar hankali. A aikin wuta ma haka ne. Waya tana da nauyi, ana kuma janta: magini ya ja ta yana shafe, mai fenti ya ja ta, ɓera ya bi ta kanta a cikin silin, yaro ya fizgi wayar rediyo daga piriz da ƙarfi. Dole a sami abin da zai ɗauki wannan ja. Idan aiki ya yi kyau, bututun robar da wayoyi ke bi ta ciki, wanda ake kira gen, shi ke shiga cikin akwati kamar santimeta guda, bakin akwatin ya kama shi, siminti ko filasta ya riƙe su duka biyu. Idan kebul ne mai riga, to rigar ta waje ce za ta shiga akwati a matse ta a bakin shiga, sai a can ciki a feɗe ta. Ta haka bango ne ke ɗaukar ja. Idan kuwa aka bar bututu ya tsaya a waje, ko aka feɗe rigar kebul tun kafin ya iso, to babu abin da ke riƙe da wayar sai ɗan ƙaramin bis ɗin da ke jikin makunni. Shi kuwa wannan bis an yi shi domin ya manne jan ƙarfe da jan ƙarfe kuran ya wuce. An mai da shi turke, alhali ƙafar tulu ne.

Abin da ke biyo baya ba ya faruwa rana ɗaya, shi ya sa ake raina shi. Bis ya ɗan saki. Wurin da ƙarfe ke taɓa ƙarfe ya ragu. Kuran kuwa idan ya sami hanya ƙunci sai ya yi zafi, kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi idan an matse bakin tiyo. Lissafin ba shi da wuya. Na'urar dafa ruwa ko babban dutsen guga mai wat 2000 yana jan amper 9 a wutar volt 220 da ake aiki da ita a ƙasar nan. A ce amper 10 ke wucewa ta mahaɗar da ta lalace har tana tare kuran da awon om guda: zafin da zai taru a wurin ya kai wat 100. Wanda ya taɓa kama tsohon ƙwan fitila mai wat 100 yana ci ya san abin da ake nufi. To wannan zafi ne aka kulle cikin akwatin roba da bai fi dunƙulen hannu ba. Rigar wayar da aka saba aiki da ita an yi ta ne ta jure zafin digiri 70. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin inuwa ke wuce digiri 40 a Yamai da Tawa, bangon da rana ta buga tun safe, ƙarƙashin rufin tol, ya riga ya cinye wani kaso na wannan juriya tun kafin a kunna kome. Kuma lokacin ne kowane fanka da kowane firigo ke aiki dare da rana.

Ƙarfe idan ya yi zafi yana buɗewa, idan ya huce ya tsuke. Kullum aka kunna aka kashe, kullum aka ɗauke wuta aka maido, bis ɗin yana ƙara saki. Riga ta bushe ta tsage, roba ta yi baƙi ta zama gawayi, gawayi kuwa kuran yana bin sa. Daga nan sai tartsatsi.

Mai karatu zai ce, ina amfanin disjonkter? Nan ne mutane da yawa, har da waɗanda suka yi lakkwal mai zurfi, suke ruɗin kansu. Disjonkter yana yanke wuta ne idan kuran da ke wucewa ya fi ƙarfin da aka rubuta a jikinsa, amper 16 ko 20, ko kuma idan wayoyi biyu suka haɗu kai tsaye. Wanda ake kira diferansiyel, mai miliamper 30, yana yankewa idan kuran ya ɓalle ya bi ta jikin mutum ko ta bango zuwa ƙasa. Shi ne mai ceton rai, ya kamata kowane gida ya same shi. Amma mahaɗar da ta saki tana iya yin ja wur alhali amper 10 ɗin nan ne kawai ke wucewa, ta hanyarsu ta kullum. A wurin disjonkter lafiya ce ƙalau. Mai gadi yana bakin ƙofa, ɓarawo kuwa ɗan gida ne.

Saboda haka babu na'urar da za ta maye gurbin hannun ma'aikaci. Ƙa'idodin kuwa sanannu ne, ana koyar da su a makarantun sana'a irin su Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi da cibiyoyin koyon sana'a na garuruwa, suna kuma cikin dokar aikin wuta ta Faransa mai lamba NF C 15-100, wadda injiniyoyin ƙasashen da ke aiki da Faransanci suka saba bi. Ba a fasa ƙofofin akwati sai wadda za a yi aiki da ita, a kuma yanke ta daidai kaurin bututu, kada a bar giɓi. A bar wa kowace waya rarar santimeta 10 zuwa 15 a cikin akwati, domin a iya fiddo makunni a duba bayansa ba tare da an ja kome ba, domin kuma idan bakin waya ya lalace wata rana a sami abin yankewa. A feɗe kamar santimeta guda kawai, kada wuƙa ta ji wa jan ƙarfen rauni, don inda aka yi masa tsaga nan zai karye. Jan ƙarfe tsirara kada ya leƙo bayan an ɗaure. A matse bis, sannan a ja wayar da yatsa a gani ko za ta fito. A naɗe rarar a kwantar da ita a ƙasan akwati, nesa da inda bis ɗin murfi zai bi. Wayar fitila mai kaurin 1,5 ce, ta piriz 2,5, waɗanda ma'aikata ke kira ɗaya da rabi da biyu da rabi. Shuɗiya ita ce nutur, mai kore da rawaya ta ƙasa ce, ja ko baƙa ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, kuma mai wutar ce makunni zai yanke. Wanda ya juya su, ya sa makunni a kan shuɗiya, fitila za ta mutu idan an kashe, amma kuran yana nan a mazaunin ƙwai yana jiran ranar da wani zai hau kujera ya canza shi.

Akwai kuma al'adar da ta fi kowace yaɗuwa, wato a murɗa wayoyi biyu ko uku a naɗe su da sikoc a tura cikin rami. Ma'aikaci zai rantse cewa shekara ashirin yana yin haka ba abin da ya faru. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin shi ba ya kwana a gidajen da ya yi wa aiki. Danƙon sikoc yana narkewa da zafi, ledar ta warware, murɗin ya saki. Domino, wato ɗan mahaɗi mai bis biyu cikin farar roba, yana nan a kowane shagon kayan wuta. Akwai kuma mahaɗai masu matsewa da kansu, irin na Wago, waɗanda ba sa buƙatar turnabis. Mafi muni shi ne a yi haɗi a tsakiyar bututu, ko a binne shi cikin shafe saboda waya ta gaza. Doka ta ce kowace mahaɗa ta kasance cikin akwati mai murfi, inda za a iya buɗewa a duba. Akwatin da aka shafe bakinsa da siminti aka bi da fenti domin bango ya yi kyau, an binne shi da rai.

Me ya sa ake yin haka, alhali an san daidai? Sai a saurari cinikin da ake yi a bakin gini. Mai aikin wuta ya kawo takardar lissafi, maigida ya duba ya girgiza kai.

"Haba malam, wannan ai kuɗin wani ɗakin ne. Yaron wancan shago ya ce zai yi mini da rabin haka."

"Alhaji, wayar da na rubuta ta gaske ce, akwatunan ma masu bis ne."

"Waya ai waya ce. In dai fitila za ta kama, rage mini."

Ma'aikacin yana da iyali, aikin kuma ba kullum ake samu ba. Sai ya rage. Abin da ya rage a baki kuwa a bango zai fanshe shi: ɗaya da rabi a wurin biyu da rabi, sikoc a wurin domino, waya a yanke ta cif-cif babu rara, bututu ya tsaya inda ya ƙare. Ya bar ɗan koyo ya ƙarasa, shi ya wuce wani ginin. Alhaji da ya tsaya a kan magini yana ƙirga buhunan siminti, ya zaɓi tayil da kansa, ya aika a kawo masa ƙofar ƙarfe mai ado, bai taɓa leƙa cikin akwati ko ɗaya ba. Abin da ido ke gani ake biya. Ranar gwaji fitila ta kama, fanka ya juya, kowa ya ce madalla. Aikin banza da aikin kirki duk suna kama fitila a ranar farko. Bambancinsu sai bayan bazara uku ko huɗu.

Laifin bai tsaya kan mutum biyun nan ba. Ɗan kasuwa ma yana da nasa kaso. Akwai wayar da ake sayarwa da sunan jan ƙarfe alhali alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Alminiyom ba ya ɗaukar kuran sai kamar kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka, ga shi da taushi: idan bis ya matse shi sai ya riƙa lotsawa a hankali har mahaɗa ta saki da kanta, ko da ma'aikaci ya yi aikinsa daidai. Gane ta ba wuya: a kankare bakin wayar da wuƙa, idan ciki ya fito fari to ba ita ba ce, naɗinta kuma ya fi na gaskiya sauƙin ɗauka. Akwai wadda aka rubuta 2,5 a jikinta, cikinta bai kai ba. Akwatunan ma iri-iri ne. Na kirki an yi shi da robar da ke mutuwa da kanta idan an janye mata wuta, yana da mazaunin bis mai ƙarfi. Na banza da an matsa shi da yatsa sai ya tsage, idan ya kama wuta kuwa ya riƙa ci yana ɗiga kamar kyandir.

A nan ne wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya fi maƙwabcinsa. Lambobin da ke jikin waya, da na jikin disjonkter, da abin da aka rubuta a takardar lissafi, duk abin karantawa ne. Wanda ya iya karanta awon taki a jikin buhu ya iya karanta 1,5 da 2,5, ya kuma iya gwada abin da aka rubuta masa da abin da aka kawo masa.

Gidajen laka suna da tasu matsala, su ne kuma mafi yawa a ƙauyukan da wuta ke isa yanzu. Laka ba ta riƙe akwati kamar bulon siminti. Idan aka tura shi cikin rami aka liƙe da taɓo, damina ɗaya ta isa ya fara girgiɗi, daga baya a ga piriz yana lilo a jikin wayoyinsa, daidai tsawon yaro mai rarrafe. Sai an faɗaɗa ramin an kewaye akwatin da siminti ko filasta, bakinsa ya yi daidai da fuskar shafe. Inda aka bi da kebul a saman bango, sai a kafe shi da ƴan maƙalai masu ƙusa, ɗaya dab da akwati, sauran a jere kusa-kusa, kada ya yi ciki. Kebul ɗin da aka saƙala a azara, ko aka ratsa da shi cikin zana da rufin kara ba tare da bututu ba, an shimfiɗa shi ne a kan makamashi. Akwatin da ke waje, a tsakar gida ko bakin shago, mai rufin hana ruwa ake sa wa, kebul ya shigo masa ta ƙasa domin ruwan sama ya ɗiga a waje maimakon ya gangara ciki. Giɓin da aka bari a bakin akwati kuwa ƙofa ce ga ƙurar hunturu, da kyankyaso, da tsaka, da zanzaro mai gina ɗakinsa na laka a duk ramin da ya samu.

Za a ce talaka ba shi da hali, idan aka tsananta ƙa'ida to an hana shi wuta ke nan. Maganar tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Waya ta gaskiya tana da tsada, disjonkter diferansiyel ma haka. Amma a duba abin da ake magana a kai. Shigar da bututu cikin akwati ba ya cin ko dala. Matse bis da jan waya da yatsa ba ya cin ko dala. Rarar taƙi guda a kowane akwati, a gida mai ɗaki uku, mita kaɗan ce. Akwatunan gidan gaba ɗaya da dominonsu ba su kai kuɗin ƙofar ƙarfe guda ba. Abin da ake ci a nan lokaci ne da kula, su ne kuma ba a son biya. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya sa wa ɗaki biyu wuta yadda ya kamata, ya bar na ukun sai baɗi. Talaka ne ma ya fi kowa asara idan gobara ta tashi, don shi ba ya da inshora, hatsinsa da tufafinsa da takardun ƴaƴansa duk a ɗaki ɗaya suke.

Za a kuma ce gobara ƙaddara ce. Babu musu, kome da ikon Allah yake faruwa. Amma ba a taɓa jin wanda ya bar garwashi a gindin rumbu ya tafi barci, da safe jama'a suka ce masa ba kome ba. Mutanen Yamai da suka ga babbar kasuwa ta ƙone a 1982, aka yi shekaru kafin a sake buɗe ta a 1987, sun san cewa wuta ba ta tsayawa a iyakar rumfar da ta fara ci. A unguwannin da gida ke jingine da gida, akwatin da ya saki a ɗakin mutum ɗaya sha'anin maƙwabta ne duka.

Sauran ƙasashe ba su bar wannan ga son ran ma'aikaci ba. A Amurka, inda yawancin gidaje na katako ne kuma kebul ke bi ta cikin bango ba tare da bututu ba, doka ta faɗi awo ƙarara: idan ƙaramin akwatin roba ne marar matsewa, a kafe kebul a jikin katako cikin santimeta 20 daga akwatin, rigarsa ta shiga ciki aƙalla milimeta 6, a kuma bar rarar waya santimeta 15. Mai duba na hukuma yana zuwa ya gani kafin a rufe bango. A Faransa an kafa hukumar Consuel a 1964, daga dokar 1972 kuma ba a ba sabon gida wuta sai da takardar shaidarta. Tun 2004 sun hana kafa piriz da ƴan faratan ƙarfen nan masu cizon gefen akwati a sababbin gine-gine, sai da bis, saboda faratan suna saki idan an yi ta fizga. Ginin Amurka daban, na Faransa daban, na Nijar daban, amma dukansu abu ɗaya suke tsoro.

Nijar ta yi sabuwar dokar wutar lantarki a 2016. Doka kuwa tana aiki ne gwargwadon idon da ke bin ta. Dubawar da za ta yi amfani ita ce wadda aka yi kafin shafe, lokacin da bututu ke a fili, da kuma wadda mai duba zai ɗauki turnabis ya buɗe akwati uku ko huɗu da ya zaɓa da kansa. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli konter ya sa hannu a takarda bai duba kome ba. Wannan magana ta fi shafar ma'aikatan hukuma da ke karɓar gine-ginen jama'a daga hannun ƴan kwangila: azuzuwa, ɗakunan shan magani, ɗakunan haihuwa, burori, rumfunan kasuwa. Kwamitin karɓar aiki ya saba ƙirga tagogi, ya ƙwanƙwasa bango, ya kunna fitila. Ya kamata a rubuta cikin takardar kwangila cewa za a buɗe akwatuna, a kankare bakin waya, kuma kuɗin jingina da ake riƙewa ba za a sake shi ba sai an gyara abin da aka gani. Ɗan kwangilar da ya san za a buɗe, tun farko zai aiko da ma'aikacin kirki.

Magadan gari suna iya riƙe sunayen masu aikin wutar da suka yi horo suka sami shaida, domin mai gini ya san wurin wanda zai je. Waɗanda suka koyi sana'ar a hannun ubangida, su ne mafi yawa, cikinsu kuma akwai gwanaye. Horon ƴan makonni da yamma ya isa ya raba su da sikoc, a ba su takarda su ma. Jami'an kwastan da masu kula da ingancin kaya su sa ido a kan naɗin wayar da ke shigowa, don abin da ba ya cikin kasuwa ba ya shiga bango.

Gidajen da aka riga aka shafe kuwa suna ba da alama kafin su yi ɓarna. Makunnin da ya yi ɗumi idan an taɓa shi, piriz ɗin da bakinsa ya yi baƙi ko yake motsi, fitilar da ke ƙifce-ƙifce alhali ta maƙwabta tana tsaye, ƙarar tsit-tsit a cikin bango, warin roba mai kama da na kifi: kowace ɗaya daga cikinsu ta isa a sauke disjonkter nan take a kira ma'aikaci. Kada maigida ya sa hannu da kansa, kada kuma a watsa ruwa ga wutar da ta tashi daga waya muddin kuran bai yanke ba. Idan ma'aikacin ya zo, a tabbata ya gwada da abin gwaji cewa babu wuta a layin kafin ya taɓa, a kuma roƙe shi, tun da ya riga ya zo, ya buɗe sauran akwatunan gidan ɗaya bayan ɗaya ya matse su, musamman na firigo da na wurin guga. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne Fabrairu ko farkon Maris, kafin zafi ya sauka.